Abin Da Ƙidayar Shanshani A Baƙar Ƙasar Rasha Ke Faɗa Wa Manomi

Ya kai ɗan'uwa manomi, na san idan ka ɗaga tsohon kututture ko tarin kara a gefen gonarka, shanshani ya fito a guje, ba ka tsayawa shawara da kowa, sai dai ka bi shi da ƙotar fartanya. Ban ga laifinka ba, domin duk wanda shanshani ya taɓa cizo ba ya mantawa da raɗaɗin. Amma a wannan karo ina so ka ara mini hankalinka, mu leƙa wata ƙasa mai nisa inda masana ke wuni a durƙushe suna tsintar wannan halitta daga cikin ƙasa, suna ƙirgawa, suna rubutawa. A ra'ayina aikin nasu ya cancanci wahalar da suke sha, kuma akwai abin da ya shafi gonarka a cikinsa.

Wurin da nake nufi yana jihar Kursk ta ƙasar Rasha, kimanin kilomita 500 kudu da birnin Mosko. Yankin yana cikin wani dogon zirin ƙasa da ya taso daga Hangari, ya ratsa Yukren da tsakiyar Rasha, ya miƙe har cikin Saiberiya. A arewacin wannan ziri kurmi ne, a kudancinsa kuma sararin ciyawa ne wanda ido ba ya ganin iyakarsa. Shi kuwa zirin mahaɗarsu ce: nan ga gungun manyan itatuwa masu faɗin ganye, waɗanda ke kakkaɓe ganyensu kafin shigowar sanyi, can kuma ga filin ciyawa da furanni, ko wane yana cin iyaka da ɗan'uwansa. Ruwan da ke sauka a shekara a wajajen Kursk kimanin milimita 600 ne, wani kaso nasa ma dusar ƙanƙara ce, kuma ƙasa kan daskare watanni a jere. A ƙarƙashin wannan ciyawa ne ake samun shahararriyar baƙar ƙasar nan da Rashawa ke kira carnozem, wadda baƙinta kan kai zurfin mita guda ko fiye. Masanin ƙasa Vasily Dokuchaev ya wallafa littafi sukutum a kanta a shekarar 1883, kuma daga wannan aiki nasa ne ilmin nazarin ƙasar noma na zamani ya samo tushe.

Ƙasa mai irin wannan albarka ba ta tsira daga garma. Kusan duk sararin ciyawar yankin an mai da shi gonakin alkama da makamantanta tun da daɗewa. Abin da ya rage 'yan tsirarun filaye ne, kuma dalilin tsirarsu abin lura ne. A ƙarni na 17 an ba sojojin da ke tsaron garin Kursk wasu filaye domin kiwon dawakinsu da yankan ingirici, saboda haka garma ba ta taɓa shiga cikinsu ba. Masanin tsirrai Vasily Alekhin ya fara nazarin waɗannan filaye a 1907 yana ɗalibi, ya kuma tarar da tsirrai iri daban-daban fiye da 70 a cikin murabba'in mita ɗaya tak. Da ƙoƙarinsa ne aka keɓe wurin a 1935, aka haramta noma a ciki. A yau keɓaɓɓen wurin yana ɗauke da sunansa, faɗinsa kimanin hekta 5,300 ne a warwatse kashi shida, kuma tun ƙarshen shekarun 1970 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da duniya ke kiyayewa domin nazari.

Abin da ya fi burge ni game da wurin, a matsayina na mai gwaje-gwajen gona, shi ne yadda aka rarraba filin. Akwai ɓangaren da ake yanke ciyawarsa a kwashe. Akwai wanda ake sakin dabbobi su yi kiwo. Akwai wanda ba a taɓa shi ko kaɗan, ciyawa ta fito ta bushe ta faɗi ta ruɓe a inda take. Sa'an nan akwai wani ɗan fili da ake kaftu tun 1947, ba a shuka komai, ba a kuma barin ko ɗan haki ya tsaya a kansa. Ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya, rana ɗaya, hannun mutum ne kaɗai ya bambanta. Wannan fili na ƙarshe, da yake ba abin da ke komawa cikinsa, ya yi asarar kaso mai yawa na ruɓaɓɓen ganye da saiwa da ke baƙanta ƙasa, dunƙulen ƙasarsa kuma ya koma gari. Duk mai son sanin abin da noma ke ɗebewa daga ƙasa yana da wurin da zai gwada, domin asalin ƙasar na nan kusa da shi.

To, ina shanshani ya shigo cikin wannan zance?

Da farko ya kamata mu bambanta shi da ƙadandoniya, domin na sha ganin ana haɗa su a hukunci ɗaya. Ƙadandoniya jikinta mulmulalle ne, tafiyarta a hankali, ƙafafu huɗu take da su a mafi yawan gaɓoɓin jikinta, idan ka taɓa ta sai ta naɗe. Abincinta ruɓaɓɓen ganye ne, amma wasu ire-irenta a nan Afirka ta Yamma suna huda kwanson gyaɗa tun yana ɗanye, suna kuma cin irin da aka shuka. Shanshani kuwa shimfiɗaɗɗe ne, mai sauri, ƙafa biyu ce a kowace gaɓa, kuma mafarauci ne. Ƙafafunsa biyu na gaba sun rikiɗe sun zama kamar awartaki mai dafi, da su yake kama abin da zai ci. Wata damina ina duba gwajin gyaɗa, sai na ga ɗaya daga cikin masu taya mu aiki ya sare shanshani gida biyu, ga ƙadandoniya uku a gindin shukar bai ko dube su ba. Da na tambaye shi, sai ya ce ai su ba su cizo. Gaskiya ya faɗa, ba su cizon mutum, gyaɗar suke ci.

Masana sun san shanshani iri fiye da 3,000 a duniya. Mafi ƙarancin ƙafafu yana da tagwaye 15, mafi yawa yana da 191, kuma adadin tagwayen kullum mara ne, watau ba ya rabuwa biyu daidai. Saboda haka duk da sunan da Turawa suka laƙaba masa na mai ƙafa ɗari, babu shanshanin da bisa tsarin halittarsa ƙafafunsa suka cika ɗari cif. Wannan dai ɗan ratse ne. A mahaɗar kurmi da sarari irin ta Kursk ba a samun manyan nan masu ban tsoro na ƙasashen zafi. Gida biyu ne suka fi yawa. Na farko gajeru ne, jajaye-jajaye, tsawonsu bai cika wuce santimita 3 ba, suna da tagwayen ƙafa 15, suna zaune a cikin busasshen ganye da ƙarƙashin ɓawon itace, su fito farauta da dare. Sanannen cikinsu shi ne wanda ake kira Lithobius forficatus a harshen kimiyya. Na biyu dogaye ne sirara kamar zare, farare ko rawaya-rawaya, ba su da ido ko kaɗan, kuma rayuwarsu a cikin ƙasa take, suna kutsawa ta ramukan saiwa da na tana suna neman tsutsotsi.

Shanshani yana da wani rauni wanda shi ne ya mai da shi abin awo. Mafi yawan ƙwari suna da wani shafi mai kama da kaki a bayan jikinsu wanda ke hana ruwan jiki fita. Shanshani ba shi da irin wannan kariya sosai, kuma ƙananan kafofin da yake numfashi da su a gefen jiki ba su rufuwa yadda ya kamata. Idan ya rasa laima da inuwa, bushewa yake yi ya mutu. Don haka inda ka same shi da yawa, to akwai abin da ya lulluɓe ƙasa, akwai danshi, akwai kuma ƙananan halittun da yake ci, waɗanda su ma ba su zama sai inda ganye ke ruɓewa. Mafarauci ba ya tare a inda babu nama. Ƙidayarsa kamar ƙirga mahauta ce a kasuwa: idan sun yi yawa, ka san garin yana da dabbobi.

Wannan hanya ta karanta lafiyar ƙasa daga halittun da ke cikinta wani masanin Rasha ne mai suna Merkuriy Gilyarov ya tsara ta, ya kuma wallafa littafi a kanta a 1965. Aikin ba ya bukatar na'ura mai tsada. Ana auna santimita 50 tsawo 50 faɗi, a kwashe ganyen sama a bincike shi a kan shimfiɗa, sa'an nan a riƙa ɗebo ƙasar hawa-hawa, santimita 10 a kowane ɗiba, ana murtsuke ta da yatsu ana tsince duk abin da ya motsa. Masu yawo a saman ƙasa da dare kuma ana binne musu ƙananan kofuna daidai bakin ƙasa su faɗa ciki.

Abin da irin wannan ƙidaya ke nunawa a yankin ya yi daidai da halin kowane gida. A ƙarƙashin itatuwa, inda ganye ke taruwa kowace shekara, mazauna ganye ne ke da yawa. A sararin ciyawa, inda rana da iska ke busar da saman ƙasa, mazauna cikin ƙasa ne suka fi samun sukuni, domin idan fari ya tsananta ko ƙasa ta daskare sai su gangara ƙasa su jira. Ɓangaren da aka bar ciyawa ta ruɓe a wurinta yana tara shimfiɗa mai kauri, har ya ɗan yi kama da ƙasan kurmi. A bakin kurmi kuwa, inda inuwa da sarari suka gamu, mutum kan tarar da na nan da na can. Idan aka ƙetara iyaka aka shiga gonar da ake hudawa kowace shekara, sai ire-iren su ragu. Cikin 'yan kaɗan da ke jure gonakin Turai akwai wani ƙarami mai suna Lamyctes emarginatus, kuma dalilin juriyarsa shi ne yana kammala rayuwarsa cikin shekara guda, macen kuma tana hayayyafa ba tare da namiji ba.

Wannan batu na hayayyafa shi ne nake so ka fi riƙewa, domin a nan asarar manomi take. Ɗan shanshanin ganye yana ƙyanƙyashewa da tagwayen ƙafa 7 ne, yana ƙara su duk lokacin da ya yi saɓa, kuma yakan ɗauki shekara biyu ko fiye kafin ya isa haihuwa. Wasu kan rayu shekara biyar zuwa shida. Macen shanshanin cikin ƙasa kuwa ƙwai 15 zuwa 60 take yi a ɗan rami, ta naɗe jikinta a kansu tana tsaftace su har su ƙyanƙyashe. Idan aka dame ta, ko dai ta cinye ƙwan ko ta bar su, funfuna ta lalata su. Yanzu ka kwatanta wannan da tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a Nijeriya a 2016: a lokacin zafi tana zagaya rayuwarta cikin wata guda, kuma uwa ɗaya kan yi ƙwai dubu ko fiye. Idan wuta ko garma ko feshin da ba ya zaɓe ya share gona baki ɗaya, mai ɓarna zai farfaɗo cikin makonni, mafarauci kuwa sai bayan shekaru, shi ma in akwai wata maɓoya kusa da zai fito daga cikinta. Duk lokacin da aka yi wa gona irin wannan sharar, mai ɓarna aka ba rata.

Ba zan yi maka ƙarin gishiri ba. Shanshani ba zai maye maka gurbin maganin ƙwari ba a ranar da annoba ta sauka a gona. Ba ya kuma tantance abokinka da maƙiyinka, domin yadda yake cin tsutsar ƙwaro haka yake cin ƙananan tana da gizo-gizo, waɗanda su ma masu amfani ne. Shi ɗaya ne daga cikin rundunar mafarautan ƙasa, tare da gizo-gizo da tururuwa da wasu ƙwari masu gudu a ƙasa. Darajarsa a wurina ita ce, da yake ya fi sauran saurin jin jiki, ɓacewarsa na yi maka gargaɗi tun kafin amfanin gona ya fara raguwa.

Akwai masu ganin keɓe ƙasa mai albarka irin ta Kursk almubazzaranci ne, kuma wannan magana ta taɓa yin nasara. A 1951 gwamnatin Tarayyar Sobiyat ta soke keɓaɓɓun wurare 88 daga cikin 128 da take da su, bisa hujjar cewa ba su kawo amfani. Na Kursk yana cikin waɗanda suka tsira. Da an huɗe shi a lokacin, da an sami alkamar 'yan hekta dubbai, aka kuma rasa ma'aunin da ake gwada miliyoyin hekta da shi. Filin da bai taɓa ganin garma ba, kaftu ɗaya ya isa ya raba shi da wannan matsayi, kuma babu kuɗin da zai dawo da shi a zamanin wanda ya huɗe shi.

Sai dai wurin ya koyar da wani abu da masu cewa a bar daji yadda yake ba su cika son ji ba. A ɓangaren da ba a taɓawa ko kaɗan, shimfiɗar busasshiyar ciyawa ta yi kauri har ta danne ƙananan furanni, ire-iren tsirrai suka ragu, ƙananan itatuwa kuma suka fara mamaye filin. Ɓangaren da ake yanka shi ne ya riƙe yawan tsirran da Alekhin ya gani, domin dama da yanka da kiwo filin ya rayu ɗaruruwan shekaru. Abin da ya yi wa mazauna ganye daɗi bai yi wa furanni daɗi ba. Wurin yana da wadatar halittu ne saboda an haɗa kurmi da bakin kurmi, da filin yanka da wanda aka ƙyale, duk a kusa da juna. Ko Dokuchaev, bayan fari da yunwar 1891, bai ce a daina noma ba. Layukan itatuwa ya sa aka dasa a tsakanin gonaki a wani wuri da ake kira Kamennaya Step a jihar Voronezh daga 1892, domin su tare iska su riƙe laima, kuma waɗannan layuka na nan har yau.

A nan ne zancen ya iso gonarka. Ƙasarmu ba irin ta Kursk ba ce, ire-iren shanshaninmu ma daban ne, kuma abin da sanyi ke yi a can, zafin bazara ne ke yin sa a nan. Amma bukatar halittar ɗaya ce: inuwa, laima, da wurin da ba a tonawa. Iyayenmu suna da irin wannan wuri ko da ba su kira shi da wani suna ba. Gambar da ake bari a kan iyakar gona, wadda ake yanka a yi zana, tana zama shekara da shekaru garma ba ta shiga gindinta. Haka gindin gawo da ɗorawa da kaɗanya, da kututturen kalgo da sabara, da saurar da ake bari ta huta. Yau saura ta yi wuya saboda ƙarancin fili, ana tuge gamba domin a ƙara kunya biyu, sa'an nan da bazara a tattara duk abin da ya rage a cinna masa wuta. Gonar da aka yi wa haka daga iyaka zuwa iyaka ta kama hanyar zama irin ɗan filin nan na 1947.

Na san amsar da za ka ba ni, domin manoma sun sha ba ni ita. Kara abincin dabbobi ne, makamashi ne, danni ne. Tarin shara kuma maɓoyar maciji da kunama ce, tana kuma jawo gara. Duk gaskiya ne. Har ila yau tsutsar da ke huda karan dawa da masara tana shafe rani a cikin busasshen kara, saboda haka shawarar da malaman gona ke bayarwa game da sarrafa karan da ya kamu tana nan daram, kuma ban ce ka bar shi a tsaye a gona ba. Abin da nake roƙo ya fi wannan ƙanƙanta. Ka bar zirin gamba ko wata ciyawa mai daɗewa a kan iyaka, ko da faɗin taku ɗaya ne, ka yanke ta idan ta ƙosa amma kada ka tuge ta, kada kuma wuta ta shige ta. Ganyen da itace ya zubar ka bar shi ya ruɓe a gindinsa. Idan za ka yi feshi, ka yi a kan shukar da ta kamu, bisa awon da malamin gona ya ba ka, ragowar maganin kuma kada a juye shi a gefen gona. Tarin ganye da takin gargajiya a ajiye su nesa da ɗakin kwana da wurin wasan yara. Mai aiki a irin wannan wuri ya sa takalmi, ya ɗaga abu da fartanya kafin ya sa hannu. Wanda shanshani ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya ɗora abu mai sanyi, idan kuwa kumburin ya ci gaba, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙaramin yaro ne, a garzaya asibiti.

Ba sai ka karɓi maganata haka nan ba, domin gwajin Gilyarov ba ya fi ƙarfinka. Idan damina ta zauna, ƙasa ta sha ruwa, ka fita da sassafe da fartanya da tsohon buhu. Ka auna kamu guda tsawo kamu guda faɗi a tsakiyar gona, ka ɗebo ƙasar zuwa zurfin tafin hannu biyu, ka baza a kan buhun, ka tona da ɗan tsinke, ka ƙirga tana da tsutsa da ƙadandoniya da gizo-gizo da shanshani, har da siraran nan farare masu kama da zare waɗanda wataƙila ba ka taɓa ɗaukarsu shanshani ba. Ka maimaita a gindin gamba, ka sake maimaitawa a ƙarƙashin itace. Kowane wuri ka yi rami uku, domin rami ɗaya na iya yaudararka. Ka sa yaro ya rubuta adadin da ranar, ka mai da ƙasar da abin da ke cikinta inda ka ɗebo su, takardar kuma ka adana ta, domin baɗi war haka ka koma wuraren nan uku ka sake ƙirgawa, ka nuna wa malamin gonar yankinku abin da ka samu.